Yadda Ake Fitar da Amsa da Ma'auninta a Mathcad

Mathcad manhajar kwamfuta ce ta yin lissafin injiniya. A ce famfon rijiyar burtsatse ne a unguwar Rijiyar Zaki da ke Kano, mai ƙarfin 0.75 kW, yana tura ruwa sama tsawon mita 40 zuwa tanki, ingancinsa 0.5, wato rabin ƙarfinsa ne ke tafiya wajen tura ruwan. Ruwa nawa zai bayar a minti?

Fara da alamar := wajen ba kowane harafi ƙimarsa tare da ma'auninsa: P := 0.75 kW (ƙarfin famfo), tsawo := 40 m, ρ := 1000 kg/m³ (nauyin ruwa a kowace mita kubik). Shi g, wato ƙimar jan da ƙasa ke yi wa abubuwa, yana cikin manhajar tun asali.

A Mathcad 15, rubuta hasashen farko na yawan ruwan da ake nema, Q := 1 L/s (lita ɗaya a daƙiƙa), sai kalmar Given, sai lissafin 0.5·P = ρ·g·Q·tsawo. Wannan alamar daidai da Ctrl da = ake saka ta; ta yau da kullum ba ta aiki a nan. Rufe da Q := Find(Q), don amsar ta zauna a cikin Q. Rubuta Q = ka sa L/min a matsayin ma'auni, za ka samu kusan lita 57 a minti.

Inda ake yawan tuntuɓe shi ne hasashe babu ma'auni, nan take sai jan rubutu na kuskure ya fito. Kada kuma ka raɗa wa nauyi suna m, domin m ita ce alamar mita; daga nan zuwa ƙasa mita ta tashi daga aiki, amsa ta fito a karkace.