In Ka Fara Fodkas, Kada Ka Tura Adireshi Tsura

'Yan'uwa masu sabon shirin fodkas, wato shirin murya da ake saurara ta intanet, ku daina watsa adireshin shirin (link) haka kawai. Ku yanko guntun da ya fi armashi, kamar daƙiƙa 40, shi za ku ɗora.

Na yi wata biyu ina tura adireshi a Facebook, shiru kake ji. Ranar da na yanko inda baƙuwata ke ba da labarin yadda ta fara sayar da turaren wuta da jarin da bai taka kara ya karya ba, tambayoyi suka cika min waya.

Dalili kuwa, ba wanda zai ƙona datarsa a kan shirin minti 40 na muryar da bai taɓa ji ba. Sai ya ɗanɗana tukuna.

Kada ka yanko sallama da gabatarwa. Fara daga inda zance ya yi zafi, ka datse kafin amsa ta fito. Ɗora hoto a kai da manhajar haɗa bidiyo ta CapCut, ka rubuta maganar a ƙasa da hannunka, don da yawa suna kallo ne ba sauti, a cikin Keke Napep ko a shago.

Sa shi a status na WhatsApp bayan Isha'i. Awa 24 yake yi, don haka gobe ka sa wani guntun. Roƙi baƙonka shi ma ya ɗora.

Amma fa idan sautin na da ƙarar janareta, guntun korar mutane zai yi. Haka shirin fatawa ko na lafiya: rabin magana na iya ɓatar da mutum, a nan ka bar amsar ta fito gaba ɗaya.