Darasi na 7: Kuɗin Koko da Zaman Ƙauye a Kurmin Gana

Kokon da za mu yi magana a kansa ba na kamu ba ne da ake sha da ƙosai. Itacen kurmi ne da ake yin cakulan da ƙwayarsa. Kwaddibuwa ce ta ɗaya a duniya wajen nomansa, Gana na biye da ita. A shekarar 1879 wani maƙeri mai suna Tetteh Quarshie ya kawo irinsa daga tsibirin Fernando Po ya dasa a Mampong ta Akuapem, daga nan noman ya bazu zuwa ƙasar Asante, ya ci gaba yamma har Goaso da Sefwi Wiawso. Hausawa sun riga koko sanin wannan kurmi, domin fataken Gwanja sun daɗe suna sayen goron Asante a kasuwar Salaga. Shi ya sa da wuya ka shiga babban ƙauyen koko ka rasa zango da masallaci.

Yadda ƙauyen yake

Hanya ce ta jar ƙasa, gidajen kwano a gefe da gefe, kuma kusan a ƙofar kowane gida akwai gadon shanya da aka kafa da sanduna aka shimfiɗa masa asabarin gora. A tsakiyar gari akwai rumfar akawun saye da sikelinsa da tarin buhuna. Dagacin ƙauye, wanda 'yan ƙasa ke kira odikro, shi ke riƙe da maganar ƙasa tare da dattawan dangi. Sarkin zango shi ne mai tsaya wa baƙi. Gonakin ba na kamfani ba ne. Na mutane ne ɗaiɗai, yawancinsu eka kaɗan, kuma da yawa daga masu gonar suna zaune a Kumasi ko wani birni, sai lokacin kaka ake ganinsu.

Baƙo ba ya samun gona haka kawai. Hanya biyu ce aka sani.

Ta farko sunanta abusa. Mai gona ya ba ka gonar da ta riga ta fara haihuwa ka kula da ita: nome ciyawa, sassabe rassa, feshi, tsinka, shanya. Idan an sayar, a raba kuɗin kashi uku, kai ka ɗauki ɗaya, shi biyu. Ta biyu abunu. A nan daji ko tsohuwar gona ake ba ka, ka share, ka dasa, ka yi rainon itacen har ya fara haihuwa, sannan a raba biyu. Abunu ta fi wahala, ta fi kuma riba ga mai haƙuri, don irin zamani sai ya shekara uku zuwa huɗu kafin ya ba da abin kirki.

Rigimar da ta fi yawa a ƙauyen koko daga nan take fitowa. An yi magana da baki, mai gona ya rasu, magada sun zo sun ce ba su san zancen ba. Saboda haka kafin ka sa adda a gonar wani, a rubuta waɗannan a takarda: iyakar gonar, wa zai sayi magani da taki, wa zai biya 'yan fasa ƙwanso, na wa ne agade da rogon da aka shuka a ciki, kuma ƙasar za a raba ko amfanin kawai. A sa hannu a gaban odikro da sarkin zango da wani daga dangin mai gonar. Kuɗin godiya da ake bayarwa a gaban shaidu, wanda suke kira aseda, shi ma a rubuta adadinsa.

Aikin gona a taƙaice

Ana dasa koko tazarar mita uku tsakanin itace da itace, kadada ɗaya ta ɗauki kimanin 1,100. Ɗan koko ba ya son rana, don haka ake fara dasa agade da gwaza su yi masa inuwa, su kuma ciyar da gidan kafin koko ya kawo kuɗi. Abokan gabarsa huɗu ne. Akwai ƙwaron da ake kira akate, mai tsotse ruwan rassa har su bushe kamar wuta ta lashe su. Akwai baƙin ƙwanso, ciwon da ke ƙaruwa da damina a gonar da ta yi duhu ba iska. Maganinsa na farko ba na kwalba ba ne: a rage rassa, a tsinke duk ƙwanson da ya yi baƙi a fitar da shi daga gonar a binne. Akwai kauci, a sare shi tun yana ƙarami. Na huɗu shi ne ciwon kumburin reshe, wanda ba shi da magani sai sare itacen da na kusa da shi. Cibiyar binciken koko da ke Tafo, wadda aka kafa a 1938, ita ke gwada magungunan feshi. Kada ka sayi maganin da ba shi da amincewarta, komai arharsa. Kada kuma a sa yaro feshi ko riƙe adda ko ɗaukar buhu. Dokar yara ta Gana ta 1998 ta hana aiki mai haɗari ga wanda bai kai shekara 18 ba.

Daga itace zuwa buhu

A nan kuɗi ke ƙaruwa ko ya zube, don haka a karanta a hankali.

Ƙwanso yana nuna wata biyar zuwa shida bayan fure. Kore ya koma ruwan ɗorawa, ja ya koma ruwan lemo. A zagaya gona duk mako biyu zuwa uku a lokacin kaka. Ɗanyen ƙwanso ba shi da zaƙin da zai yi gumi da kyau, wato ɗumamar da ƙwaya ke yi idan an tula ta an rufe kafin shanya, wanda ya wuce nuna kuma ƙwayarsa na tsira a ciki. A yanke da wuƙa mai kaifi, na sama a sa ƙugiyar da aka ɗaura a gora. Kada a murɗe da hannu, kada kuma a yanki jikin itace, domin daga wannan gurbin furen baɗi zai fito. Wanda ya lalata gurbin ya rage wa kansa buhun baɗi.

A tara ƙwanso wuri ɗaya a fasa cikin 'yan kwanaki, kada ya wuce mako. Fasa aikin gayya ne, 'yan ƙasa na kiransa nnoboa: yau a gonarka, gobe a ta maƙwabci, mai gona ya ciyar. Kulki ya fi adda wajen fasa, don adda na sarar ƙwaya, ƙwayar da aka sara kuwa ƙofa ce ga hunhuna. A zare ƙwaya da farin yauƙinta, a yar da igiyar tsakiya da duk ƙwayar da ta yi baƙi ko ta tsira.

Sai gumi. A shimfiɗa ganyen agade a wuri mai ɗan gangare yadda ruwan zai tsiyaye, a tula ƙwayar a kai, a rufe da ganye ruf, a danne da itace. Bayan kwana biyu a buɗe a juya, na gefe ya koma tsakiya, a sake rufewa. Bayan wasu kwana biyun a sake. A rana ta shida a kwashe. Idan ka cusa hannu a tulin a kwana na uku ko na huɗu za ka ji zafi sosai, don yana kaiwa digiri 45 zuwa 50, ga wari mai tsami kamar na tsimi. Wannan zafin ne ke kashe ƙwayar ya rage mata ɗaci, ya fito da ƙamshin da masu cakulan ke biya dominsa. Tuli ƙarami ba ya riƙe zafi, gara ka jira ka haɗa da na zagaye ɗaya. Mai gaggawar kuɗi kan kwashe a kwana uku, ƙwayarsa ta fito da ciki launin toka ko shunayya. Wanda ya bar shi ya zarce mako kuma, ta yi baƙi tana warin ruɓa.

Shanya a kan gado ake yi, ba a ƙasa ba, ba a bakin kwalta ba. A baza da kaurin da bai wuce faɗin yatsu uku ba, a riƙa motsawa da hannu sau da yawa a wuni, ana tsince tarkace da ƙwayoyin da suka manne da juna. Hadari na tasowa a naɗe asabari a rufe, haka ma da dare. Idan rana na da kyau mako ɗaya ya isa, idan akwai gajimare har mako biyu. Gwajin bushewa mai sauƙi ne: damƙi cikin hannu ka matse, idan ka ji ƙaras-ƙaras ɓawo na fashewa, ta bushe. Idan ta lanƙwashe shiru, da saura. Kada a shanya kusa da murhu, koko na shan hayaƙi, warin kuma ba ya fita. Haka nan kada a ajiye buhu kusa da kananzir ko maganin feshi, kuma a ɗora shi kan katako nesa da bango.

A rumfar akawu

A Gana manomi ba ya ciniki a kan farashin koko. Hukumar koko ta ƙasa, COCOBOD, wadda asalinta ya faro tun 1947, ita da gwamnati ke bayyana farashin buhu a farkon kowace kaka, kamfanonin da aka ba lasisi su saya ta hannun akawunsu na ƙauye. Buhu kilo 64 ne har da nauyin buhun kansa, ƙwaya zalla kilo 62 da rabi, buhu 16 su yi tan ɗaya. Masu duba inganci na hukumar sukan tsaga ƙwaya su duba cikinta kafin su buga wa buhu hatimi ya wuce Tema ko Takoradi. Kafin koko ya shiga aji na ɗaya, mai hunhuna kada ta wuce uku cikin ɗari, mai launin toka ma haka.

Tunda farashi a tsaye yake, wurin da ake cutar manomi shi ne sikeli. Ba kowane akawu ba, amma akwai masu taɓa shi. Ka tsaya da kanka a lokacin awo, ka ga allura ko lamba na kan sifiri kafin a ɗora buhu, ka karanta abin da aka rubuta a katinka na awon koko kafin ka bar rumfar. Mai abusa ya tabbata shi ma ya ga awon, ba labari mai gona zai ba shi ba. Amfanin iya karanta lamba ke nan. Tsallakar da koko zuwa Kwaddibuwa ko Togo don farashin can ya ɗara laifi ne, ana kama kaya da mai kaya.

Watannin da babu koko

Babbar kaka daga wajen Oktoba take zuwa Janairu. A lokacin ƙauye na cika: tela na ɗinki har dare, mahauci na yanka kullum, ana sayen kwano da babur, ana ɗaura aure. Akwai ƙaramar kaka a tsakiyar shekara, amma ƙwayarta ƙanana ce kuma ba yawa. Sauran watannin aljihu a bushe yake, ga kuɗin makaranta, ga maganin feshi da dole a saya tun koko na kan itace. A nan ne mutane ke zuwa wurin akawu ko mai ba da bashi su ci kuɗin kokon da bai nuna ba, wasu har su jinginar da gonar. Wanda ya fara haka yakan shiga kaka da buhunansa duk na wani ne.

Gidajen da ke tsallake wannan rami ba a kan koko kaɗai suka dogara ba. Suna da gonar abinci ta rogo da masara da agade. Matan zango na sayar da kokon gero da ƙosai da safe, da rana shinkafa da wake, wadda duk Gana ke kira waakye, wasu na tatsar manja ko suyar garin rogo. Adashi, wanda a can ake kira susu, ya fi kyau a fara zubinsa a Oktoba da kuɗi ke hannu, a tsara kwasa ta faɗo a watannin feshi.

Sai goro, tsohuwar sana'ar zango. Itacensa na tsaye a cikin gonakin koko, masu gona da yawa ba su damu da shi ba, suna sayarwa da arha a lokacin da yake zuba. Mai saye ya jiƙa shi ko ya tula shi har farar fatar ta saki, ya wanke, ya bar shi a kwando 'yan kwanaki ya tsane, sannan ya jera a kwandon da aka shimfiɗa wa ganyen fita. Duk mako biyu ko uku a zazzage a tsince mai sankara da wanda ya fara laushi, a canza ganye idan ya bushe. Goro ɗaya mai sankara na iya ɓata kwando. Wanda ya iya ajiya har goron ya zama daushe, shi ke sayarwa da daraja a lokacin da kuɗin koko ya ƙare.

Masu haƙar zinariya ba bisa ƙa'ida ba, da ake kira galamsey, kan zo da kuɗi a hannu su nemi a sayar musu da gona. Ƙasar da suka haƙa ramuka ce da ruwa mai guba, koko ba ya sake tsayawa a kanta. Mai abusa ko abunu ya sa a takardarsa abin da za a biya shi idan mai gona ya sayar.

Aikin aji

A ce gonar abusa ta ba da buhu 12 a babbar kaka, buhu 3 a ƙarama. Buhu nawa ne rabon mai kula da gona a shekara?

Ƙwanso 25 zuwa 30 ke ba da kilo ɗaya na busasshiyar ƙwaya. Idan ka fasa ƙwanso 900, kilo nawa za ka sa rai da shi, mafi ƙaranci da mafi yawa?

Idan sikeli na cin kilo 2 a kowane buhu, kilo nawa ya tafi a buhu 15?

Tambayi farashin buhu na bana, ka rubuta shi a littafinka, ka lissafa rabonka na shekara, ka raba shi gida 12.