Idan annoba ta soke muku gasa: shawara ga ɗan besbol na jami'a a Amurka

Ranar 12 ga Maris 2020, saboda annobar korona, hukumar NCAA mai kula da wasannin jami'o'in Amurka ta soke sauran gasannin kakar, har da babbar gasar besbol ta Omaha a jihar Nebraska, wadda ake yi a garin tun 1950. Kwana biyar bayan haka rukunin jami'o'in SEC ya rufe nasa wasannin, gasar da ya saba yi a Hoover ta jihar Alabama ita ma ta bi ruwa. A nan unguwarmu na ga samari sun dawo gida da jakunkuna a tsakiyar zango, ba su san inda za su dosa ba. Idan irin haka ta sake faruwa, Allah ya kiyaye, ga abin da zan gaya maka, ƙanena.

Fara da takarda kafin fili. Kira jami'in da ke kula da dokokin NCAA a makarantarku, ka tambaye shi ko kakar da ta lalace za ta shiga lissafin shekarunka huɗu na wasa. A 2020, ranar 30 ga Maris aka yafe wa 'yan wasan bazara shekarar. Amma fa a nan gizo ke saƙar: an ba 'yan ajin ƙarshe damar dawowa, ba a tilasta wa jami'a ta biya musu tallafin karatu kamar da ba. A lokacin, kuɗin da ya kai cikakken tallafi 11.7 kacal ake raba wa ƙungiya mai mutum 35, kuma mutum 27 ne kawai a cikinsu za su iya samun ɗan gutsure. Saboda haka kada ka tsaya ga alkawarin baki na koci, komai kirkinsa. Ya rubuta maka adadin kuɗin, a sa hannu.

Kada ka yi gaggawar barin karatu don ƙwallon kuɗi. A 2020, MLB, wato babbar hukumar besbol ta ƙwararru a Amurka, ta rage zaɓen sababbin 'yan wasa daga zagaye 40 zuwa 5, mutum 160 kawai aka ɗauka, wanda kuma ba a zaɓa ba bai iya karɓar fiye da dala 20,000 na sa hannu. A ganina, sayar da digiri a wannan farashin asara ce.

Sai hannunka, musamman in kai mai jifa ne. Kafaɗa ba ta son a ajiye ta wata biyu sannan a tashe ta da ƙarfi. Rataya raga ko tsohon bargo a gareji, ka fara da igiyar roba ta motsa kafaɗa, ka yi jifa daga kusa, kana ja da baya kaɗan-kaɗan duk mako. Jingina waya a kan bokiti ta ɗauke ka ta gefe, ka tura wa kocinka bidiyon. Gwiwar hannu ta yi zogi, ka dakata ranar. Kada ka dogara da gasannin hutu, don ko shahararriyar gasar ɗalibai ta Cape Cod a jihar Massachusetts an soke ta a 2020.

Kasa kunne kuma ga aljihun jami'arku. A watan Mayun 2020 jami'ar Furman ta rushe ƙungiyarta ta besbol baki ɗaya, jami'ar Bowling Green ma ta yi haka, sai da masu ba da gudummawa suka tara kuɗi aka dawo da ita. Da ka ji ƙishin-ƙishin, nemi takardar sakamakonka, ka tambayi yadda ake shigar da suna a rajistar sauya makaranta tun guraben ba su cika ba.