Haska ƙwai da tocilan waya, ka tsame baragurbi tun da wuri

Ƙwai ya kwana 7 a injin ƙyanƙyasa? Da dare ka kashe fitila, ka manna tocilan wayarka a ɓangaren ƙwan mai faɗi.

Mai rai za ka ga jajayen jijiyoyi kamar saƙar gizo, da ɗan baƙin ɗigo a tsakiya. Wanda haske ya ratsa fes, zakara bai taka kazar ba. Mai zoben jini kuma ya riga ya mutu. Cire su. In ka bar su ruɓewa za su yi, ɗaya ya fashe ya ɓata maka sauran.

Yi da sauri, kada su huce.

Ƙwan zabi kam ɓawonsa da kauri, da ƙyar za ka gani, sai ka jira kwana 10. In kana shakka, yi masa alama da fensir, ka sake dubawa bayan kwana uku. Na kaji, daga kwana 18 kada ka ƙara taɓa su.