Malaman jogirafi, ga dabarar koyar da zaizayar ƙasa

'Yan uwa malamai, zaizayar ƙasa ba sai kun sha wahalar zane a allo ba.
Ku samo manyan robobin lemo 2, ku tsaga su a kwance.
Ɗaya ku zuba ƙasa zalla, ɗayar ku yanko ƙasa da ciyawarta har saiwa.
Ku ɗan karkata su, kowacce ruwa kofi ɗaya, ku tari abin da ya fito ta bakin.
Ta farko laka ce jajir, ta biyun kusan garau, don saiwa ta riƙe ƙasar ganyen kuma ya karya ƙarfin ruwan, wallahi ɗalibaina nan take suka gane.
Amma fa in tsinko ciyawa kuka yi kuka ɗora a sama, bambancin ba ya fitowa yadda ya kamata. Haka in karkatar ba ɗaya ba ce.