Yadda na warware matsalar nauyin sharar rufi a Amurka

Akwatin shara na haya, wanda mota ke saukewa a ƙofar gida, ba cika ba ce matsalarsa a aikin ɓamɓare rufi, nauyi ne. Fale-falen kwalta da ake rufin gidaje da su a Amurka suna da nauyin tsiya: murabba'in ƙafa 100 yana kai kilo 100 ko fiye, a shimfiɗa ɗaya kawai. Rufin da na yi aiki a kai murabba'in ƙafa 2,000 ne, kuma da aka ɗaga gefe sai ga tsohuwar shimfiɗa a ƙasa. Lissafi ya tashi daga kilo 2,000 zuwa 4,000, ban da ƙusoshi da ruɓaɓɓen katako.

Kamfanin hayar ya ce in ɗauki akwati mai yadi 30 (yadi a nan ma'aunin yawan sharar da akwati ke ci ne). Ban yarda ba, domin tun kafin ya kai rabi zai wuce nauyin da aka yi ciniki a kai, kowane tan na ƙari kuma da kuɗinsa. Na karɓi mai yadi 10, aka kwashe aka dawo da wani, na kuma sa aka rubuta iyakar nauyi da farashin ƙari a takarda.

Kafin a sauke akwatin a shimfiɗa katako a ƙarƙashin tayoyin ƙarfen, in ba haka ba siminti zai tsage. Da dare a lulluɓe da tamfol, don ruwan saman da ya shiga ma sai an auna shi tare da sharar. Idan a bakin titi za a ajiye, yawancin garuruwa na neman izini.