Yadda na gyara fayilolin da Python ya ƙi gani

Ina da tarin fayilolin murya a kwamfutata mai Windows, da jerin sunayensu a wani fayil ɗin rubutu. Na rubuta ɗan shiri da Python, wani yaren rubuta shirye-shiryen kwamfuta, don ya bi jerin ya kwafe su. Wasu sun kwafu lafiya lau, amma duk wanda sunansa ke da ƙ, ɗ ko ɓ sai ya ce babu shi, alhali ga shi ina kallo a allo.

Na ɓata kusan awa biyu ina zargin sunayen. Da na sa shirin ya buga sunan da ya karanto, sai na ga "ƙasa" ta koma "Æ™asa". Nan na gane. An adana jerin da UTF-8, wani tsarin adana haruffa a kwamfuta, inda ƙ ke cin bayit (ma'aunin bayanai) biyu, shi kuwa open(), umarnin Python na buɗe fayil, idan ba ka gaya masa komai ba, a Windows ɗina wani tsarin daban mai suna cp1252 yake ɗauka, wanda bai ma san haruffanmu masu lanƙwasa ba. Sai ya raba harafi ɗaya gida biyu. Na ƙara encoding="utf-8", shi ke nan.

Matsala ta biyu kuwa, da ta zo daga baya, sakacina ne. A adireshin fayilolin na rubuta "C:\takardu\nazari", Python ya ɗauki \t a matsayin tazara, \n kuma sabon layi. Na koma pathlib, kayan aikin Python na adireshin fayiloli, na rubuta Path("C:/takardu/nazari") / suna. Duk suka kwafu, har da "ɓarawon kaji.mp3" da ya fi ba ni wahala.